Hangen Gada Ba Shiga Jami'a Ba Ne



Akwai wani biki da ya zama ruwan dare a Yamai, kuma lokaci ya yi da za mu tambayi amfaninsa. Da zarar shekarar karatu ta doshi ƙarshe, Bak ta matso, sai ka ga an cika bas da ƴan tarminal, a tsallaka da su gadar Kennedy zuwa Harobanda, ko a kai su wani babban zaure cikin gari inda makarantu suka jera teburori da takardu masu sheƙi. A raba masu riguna masu tambari. A zagaya da su amfi da labo da ɗakin littattafai. Wani babba ya riƙe makirfo ya ce masu su ne manyan gobe. A ba su sanwic da ruwan leda, a ɗauki hoto, kafin magariba hoton ya hau Facebook. Idan masu shirin na son burge masu ba da kuɗi, sai su ƙara da cewa sun gayyato “yaran karkara” da “ƴan mata” da “marasa galihu” domin kowa ya samu dama. Da yamma bas ta maida kowa inda ta ɗauko shi.

Magana ɗaya nake da ita a wannan takarda. Ziyarar yini guda ba ta ƙara wa ɗan talaka damar samun gurbi. Abubuwa uku ke yanke hukunci: ƙa'idar zaɓe, da burs, da wurin kwana. Wanda yake son ɗan manomin Tanut ya zama likita, to ya taɓa waɗannan ukun. Idan bai taɓa ko ɗaya ba, yawon buɗe ido ya kai yaron, kuma ya kamata ya kira abin da sunansa.

Mu fara da sunan

Karatun harshe nake yi, don haka ku yi mani uziri in fara daga kalmomi. Da Faransanci ana kiran abin « journée portes ouvertes », wato yinin buɗe ƙofofi. Malamanmu sun koya mana cewa kowace magana tana ɗauke da abin da ta faɗa, da kuma abin da ta ɗauka kowa ya riga ya yarda da shi. Idan na ce maka “Audu ya daina shan taba”, ban ce ya taɓa sha ba, amma ka riga ka ji. To haka nan, idan aka ware yini ɗaya aka ce na buɗe ƙofa ne, an gaya maka halin da ƙofar take ciki sauran kwana 364. Masu shirin da bakinsu suka tona asirin kansu.

Ku dubi kuma yadda ake cewa “ƙofa a buɗe take”. Wa ya buɗe? Makullin yana hannun wa? Ƙarfe nawa ake rufewa? Jimlar ba ta da mai aikatawa, kuma duk jimlar hukuma da ba ta da mai aikatawa, ku yi hattara da ita.

Sai babbar kalmar, wadda babu taron da ba a jin ta: “wayar da kai”. An kawo yaran ne domin a wayar masu da kai. Kenan ciwon yana cikin kan yaron. Kansa ne ke da duhu, shi ya sa bai shiga fakilten likitanci ba. Ba a ce lisensu ya yi wata huɗu babu malamin lissafi ba. Ba a ce labon makarantarsu ɗaki ne da kwaɗo a ƙofa ba. An ɗauke laifin daga tsari an ɗora a kan yaro ɗan shekara goma sha tara, sannan aka ba shi riga domin ya yi godiya.

Hausa ba ta yarda da wannan dagula lissafi ba. Tana da leƙe, tana da ziyara, tana da shiga, tana da zama, kuma kowace da matsayinta. Ta ce baƙo raɓa ne. Ta ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Mu a nan Dalarmu gada ce.

Inda abin ya fi ƙarfi: Amurka

Masu kare wannan biki suna son kafa hujja da Amurka, to mu je can mu duba. Manyan makarantu masu tsada irin su Amherst da Williams da Swarthmore da MIT suna da shirin da suke biya wa ƴan ajin ƙarshe na sakandare kuɗin jirgi, su zo su kwana biyu ko uku a cikin makaranta. Yawanci ana neman yaran gidajen da ba su da ƙarfi, ko waɗanda babu wanda ya taɓa zuwa jami'a a gidansu, ko ƴan al'ummomin da ba su da yawa a makarantar. Yaron zai kwana ɗakin ɗalibai, ya shiga aji, ya gana da ma'aikatan da ke karɓar ɗalibai. Wannan ya fi sanwic ɗinmu nesa ba kusa ba. Kuma ana yawan cewa yaran da suka je irin wannan ziyara sun fi sauran samun gurbi.

Amma ku tsaya ku ji yadda ake zuwa ziyarar. Sai ka cika takarda, ka aika da sakamakonka na shekaru, ka rubuta bayani a kan kanka, sannan su zaɓi kaɗan daga cikin masu nema. Wato kafin yaron ya taka jirgi an riga an tace shi da irin rariyar da za a tace shi da ita wajen ba da gurbi. Su kansu makarantun suna faɗa a fili cewa gayyatar ziyara ba alkawarin gurbi ba ce.

Ga misalin da kowa zai gane. Dillali ya shiga Turaku saura kwana uku Layya, ya zaɓi raguna goma da suka fi kowane ƙiba a kasuwar, ya kai su gida ya ba su dusa kwana biyu. Ranar jajibiri suka yi tsada, sai ya hau shela cewa dusarsa ce ke sa rago ƙiba. Wa zai yarda? Ragunan da ƙibarsu suka zo. Idan kana son ka san ƙarfin dusar, sai ka ba ramammen rago ka gani. Yaron da aka gayyata ya fi samun gurbi saboda dalilin da ya sa aka gayyace shi tun farko: makinsa. Ziyarar alama ce ta cewa an riga an ga ƙoƙarinsa.

Kuma Amurkar da kanta ta ba mu gwaji. Ranar 29 ga Yuni 2023 kotun ƙolin ƙasar ta hana jami'o'i duba launin fata wajen ba da gurbi, a shari'ar da aka yi da Harvard da Jami'ar North Carolina. An taɓa ƙa'ida kenan. Me ya biyo baya? A MIT, baƙaƙen fata cikin sabbin ɗaliban 2024 suka sauko zuwa kashi 5 cikin ɗari, daga wajen kashi 13 na shekarun baya. A Amherst suka sauko daga kashi 11 zuwa kashi 3. Duka makarantun biyu suna da shirin ziyara, suna da kuɗin jirgi, suna da ɗakunan saukar baƙi. Duk wannan bai riƙe lissafin ba da aka sauya ƙa'ida. Ko kana goyon bayan hukuncin kotun ko ba ka goyon baya, darasin ɗaya ne: ƙa'ida ce ke motsa lamba.

Ƙofofin gaskiya a nan gida

Mu dawo Nijar. A takarda, duk wanda ya ci Bak yana da hakkin shiga jami'ar gwamnati. To ina rigimar take? Rigimar tana gaban Bak da bayanta.

Gaban Bak, yawancin yaran ƙasar nan sun riga sun zube a hanya. Sama da kashi 80 cikin ɗari na ƴan Nijar a karkara suke zaune. Yaron da ya gama firamare a ƙauye sau da yawa sai ya bar gida kafin ya samu kwaleji, ya sake yin nisa kafin ya samu lise, yana zaman alfarma gidan wani mai masauki, yana ɗebo ruwa yana zuwa aike kafin ya buɗe littafi. Yarinya kuwa, a ƙasar da wajen uku cikin huɗu na mata ake aurar da su kafin su cika shekara 18, isarta tarminal kaɗai yaƙi ne da ta ci. Sannan a zo Bak ɗin kanta, wadda a shekaru da dama mutum ɗaya cikin huɗu ko ɗaya cikin uku ke tsallakewa. Shi ya sa waɗanda ke karatun gaba da sakandare a ƙasar nan ba su kai biyar cikin ɗari na sa'o'insu ba. Bas ɗin ziyara ba ta san da sauran casa'in da biyar ɗin ba.

Bayan Bak, sai ƙofar ta rabu gida-gida. Akwai babbar ƙofa, wadda ke zuba mutane cikin amfin da sai ka yi sammako kafin ka samu benci. Akwai kuma ƙananan ƙofofi: likitanci, da EMIG ta injiniyoyi, da makarantun da sai da konkur, da gurabun karatu a Maroko da Aljeriya da sauran ƙasashen da ke ba Nijar burs. A nan ne makomar mutum take rabuwa da ta ɗan uwansa. Kuma me ake dubawa a waɗannan ƙofofi? Serinka, A ce ko C ko D. Makinka na Bak, da ko ka samu mansiyo. Makinka na lissafi da fizik da ilimin halittu. Shekarunka na haihuwa, abin da ke kayar da yaron ƙauye da aka sa lakwal a makare ko ya maimaita aji saboda yajin aiki da rashin malami. Sai dosiye cikakke, da takardar haihuwa da ta zama ɗan ƙasa da hotuna da kwafin da aka buga wa hatimi, a ajiye kafin ranar rufewa. Ku duba jerin nan da kyau. Babu layin da aka rubuta “ya taɓa kawo mana ziyara”.

Ita kanta ranar rufewa ƙofa ce. Ɗan Plato ko Kwara Kano zai ji sanarwa da safe, kawunsa ya kai shi ofis da mota kafin azahar. Daga Damagaram zuwa Yamai wajen kilomita 900 ne. Daga Difa ya haura 1,300. Wanda ke Ngigmi ko Bilma sanarwar takan iske shi ta bakin wani da ya ji daga wani, saura kwana uku, ga kuɗin mota, ga neman inda zai sauka. Ƙwaƙwalwarsu ɗaya da ɗan Plato, wata ƙila ma ta fi. Tazara ce ta kayar da shi.

Sai burs. Idan ANAB ba ta sa sunanka ba, kuma babanka gero yake nomawa, gurbin da ka samu takarda ce kawai. Sai ɗaki. Duk wanda ya kwana site ya san yadda ɗakin mutum biyu ke ɗaukar mutum shida ko takwas, ya san masu shimfiɗa tabarma a baranda. Ga yarinyar da ta fito daga Dakwaro ko Abalak, tambayar farko da mahaifinta zai yi ita ce “ina za ta kwana, hannun wa?” In babu amsa, maganar karatu ta mutu a zaure. Na taɓa zama cikin ɗaliban da wata ƙungiya ta roƙa su yi wa baƙi rakiya a irin wannan ziyara. An ba mu jerin wuraren da za mu nuna. Babu ɗakunan kwana a ciki, babu layin resto. Wata yarinya ta tambayi kuɗin hayar ɗaki a Harobanda, sai jagoran tafiyar ya ce mata ta maida hankali ga Bak tukuna. Ita kaɗai ta yi tambayar da ta dace a yinin nan, kuma ita kaɗai aka hana amsa.

Masu teburan ƙasashen waje kuwa, nasu ya fi sauƙin ganewa. Mafi yawan makarantu masu zaman kansu da ke zuwa otal-otal suna raba takardu, ciniki ya kawo su. Ƙofarsu a buɗe take da gaske, ga mai kuɗi. Faransa ma, a 2019 ta ɗaga kuɗin rajistar ɗaliban da ba ƴan Tarayyar Turai ba zuwa Yuro 2,770 a shekara a matakin lisans, ko da yake wasu jami'o'in suna yafewa. Wannan ya haura Sefa miliyan 1.8, a ƙasar da mafi ƙanƙantar albashi yake jika 42 a wata. Albashin sama da shekara uku da rabi kenan, ba ci ba sha. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 sai maganar biza ta tsaya, ofishin jakadancin Faransa ya rufe a Janairun 2024. Ɗaliban da suka halarci kowane taro, suka cika kowace takarda, suka wayi gari ƙofar ta rufe da hukuncin da ba a shawarce su ba. Wace shaida kuma muke jira cewa makullin ba ya hannun mai ziyara?

Ƙofar da ba a gani: harshe

Akwai wata rariya da ta riga duk waɗannan, kuma ita ce ta fi ci mani rai. Yaro ya tashi da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Tamajak ko Barbarci, ranar farko a lakwal a tare shi da harshen da babu mai yin sa a gidansu. Da shi zai koyi karatu, da shi zai koyi lissafi, da shi za a auna hankalinsa a Bak. Ɗan ma'aikacin da ke jin Faransanci a tebur da talabijin tun yana rarrafe, da ɗan makiyayin da bai taɓa jin sa ba sai a bakin mushe, an ce su yi tsere daga layi ɗaya. In ɗan makiyayi ya faɗi a disartasiyon falsafa, sai a rubuta cewa ba shi da ƙoƙari, alhali abin da aka auna shi ne nisan gidansu da Faransanci.

Wannan ba sabon zance ba ne. Mutumin da jami'armu ke ɗauke da sunansa, Abdou Moumouni, ɗan Tasawa, masanin fizik da hasken rana, ya fitar da littafi a kan ilimi a Afirka tun 1964, inda ya kare koyarwa da harsunan gida. An fara makarantun gwaji masu koyarwa da harshen uwa tun 1973. Dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa guda goma. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Duk da haka, ku je kowace ziyarar buɗe ƙofa ku saurara. Jawabi da Faransanci, takardu da Faransanci, sharuɗɗan burs da Faransancin ofis wanda mu ma sai mun karanta sau biyu. Uban yaron, wanda shi zai sayar da akuya ya biya kuɗin mota, babu wanda ya yi masa magana da harshen da yake ji.

Abin da za su ce

Za su ce: kai kamarad, ba ka da adalci, ai gani yana sa buri. Yaron da bai taɓa ganin amfi ba, in ya gani zai ƙara himma.

Na yarda rashin sani yana kashe dama. A Amurka, masana tattalin arziki Caroline Hoxby da Christopher Avery sun nuna a 2012 cewa mafi yawan yaran talakawa masu maki mai kyau ba sa ma neman manyan jami'o'i, alhali da sun nema da an ɗauke su. To amma ku ji maganin da aka gwada. Hoxby da Sarah Turner suka aika wa irin waɗannan yara ambulan har gida, ɗauke da bayanin makarantun da suka dace da makinsu, da ranakun rufewa, da ainihin abin da za su biya, da takardar yafe kuɗin nema. Abin ya ci wajen dalar Amurka 6 a kan kowane yaro, bai kai jika huɗu ba, kuma neman ya ƙaru, samun gurbin ya ƙaru. Bayani ne ya yi aikin, bayani mai lamba da kwanan wata, wanda ya iske yaro inda yake. Kuɗin hayar bas da buga riguna da hayar zaure na yini guda, lise nawa za su wadata da irin wannan takarda?

Kuma buri kaɗai, in babu hanya, azaba ne. Ka nuna wa yaro labon da ƙa'idarka ba za ta bar shi ya shiga ba, ka maida shi ajin da babu malamin fizik, me ka yi masa? Ka ƙara masa abin da zai riƙa tunawa yana cizon yatsa.

Za su ce kuma: to a daina kenan? Ban ce a daina ba. Na ce a daina sayar mana da ita a matsayin adalci. Illar bikin ita ce yana kwantar wa manya da hankali. An yi hoto da yaran karkara, an rubuta rahoto, mai ba da kuɗi ya ji daɗi, kowa ya tafi gida yana jin an yi wani abu. Tambayar da ke da wuya, wato wa ke samun gurabun likitanci da burs na waje, daga wane lise, sai a ɗage ta zuwa baɗi.

Inda aka taɓa ƙa'ida

Akwai wuraren da suka bar hoto suka kama ƙa'ida. Jihar Texas ta yi doka a 1997 cewa duk wanda ya fito cikin kashi 10 na sama a ajin ƙarshe na makarantarsa, ko wace makaranta ce, yana da gurbi kai tsaye a jami'o'in jihar. Daga baya babbar jami'ar Austin ta matse kason saboda yawan masu zuwa, amma tushen yana nan: ana auna yaro da waɗanda suka sha rana ɗaya da shi. A Faransa, Sciences Po ta buɗe wata hanyar shiga ta daban a 2001 ga lise-lise na unguwannin talakawa, ta fara da lise bakwai da ɗalibai 17. Aka yi ta ihu cewa darajar makarantar za ta zube. Yau sama da shekara ashirin, makarantar tana nan, hanyar tana nan.

Maƙwabtanmu na Najeriya suna raba gurabun jami'o'in tarayya kashi 45 bisa maki zalla, kashi 35 ga yankin da jami'ar take, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya wajen ilimi. Tsarin yana da ramuka. Ya rataya ne a kan takardar asalin jiha, kuma ɗan mai kuɗin da ya yi karatu a Legas ko Abuja yana iya cin kason ɗan ƙauyen jiharsu. Darasi ne gare mu: kada mu auna da ƙabila, kada mu auna da garin kakanni. Na san da an ambaci kaso a Nijar sai a ce ɓangaranci, kuma tsoron yana da dalili. To mu auna da makarantar da yaro ya zauna ya rubuta Bak. Lisen gwamnati na Walam da na Gure da na Cintabaraden da na bayan garin Yamai duk ciwonsu ɗaya, ko wane harshe ake yi a tsakar gidansu.

Mu ma mun taɓa ganin an motsa ƙofa da gaske. Daga 1971 har kusan shekara arba'in, jami'ar gwamnati ɗaya ce tak a ƙasar nan. A 2010 aka kafa na Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2014 aka ƙara Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Da duk ƙarancin kayan aikinsu, waɗannan jami'o'i sun shigar da yaran da ba za su taɓa iya zaman Yamai ba. An kai ƙofa kusa da mutane, kuma lamba ta motsa.

Abin da muke nema

Na farko, a buga lissafi. Kowace shekara a fitar da jerin lise-lisen da waɗanda suka samu likitanci da EMIG da burs na waje suka fito, na gwamnati nawa, na kuɗi nawa, jiha-jiha, maza nawa, mata nawa. In babu matsala, lissafin zai wanke kowa.

Na biyu, a yi ƙa'ida cewa zakarun kowane lisen gwamnati, mace da namiji, suna da gurbi a fannonin da ake tacewa, haɗe da burs da gado a site. In ana tsoron ba su da tushe a lissafi ko Faransanci, a ba su watannin share fage kafin a fara. Wanda ya zo na ɗaya a ajin da babu malami ya riga ya nuna abin da babu jarrabawar da ke iya aunawa.

Na uku, a sassauta sharaɗin shekaru ga waɗanda suka fito makarantun karkara, kuma a bari a ajiye kowane dosiye a babban birnin jiha, da wa'adin da ya san akwai Bilma a ƙasar nan.

Na huɗu, sharuɗɗan burs da ranakun konkur su fita da harsunan ƙasa, a gidajen rediyon karkara, tun farkon shekara, domin iyaye su ji da kunnensu.

Na biyar, duk ƙungiyar da ta kwaso yara ziyara, ta dawo bayan shekara ta gaya mana nawa ne suka ci Bak, nawa suka samu gurbi, a wane fanni, nawa ke da burs. In ba za ta iya ba, ta cire kalmar “dama” daga allonta.

Na shida namu ne, kamarad, kuma ba ya jiran sa hannun minista. Kowannenmu daga wani lise ya fito. Idan hutu ya zo, maimakon mu ƙare shi a fada muna jiran shayi na uku, mu shiga tsohuwar makarantarmu da takarda ɗaya: ga fannoni, ga makin da ake nema, ga takardun da za a tanada tun yanzu, ga kuɗin haya da na abinci a Yamai ba ƙari ba ragi, ga lambar wanda zai tarbe ka a tasha. Mu zauna da iyayen ƴan mata mu amsa tambayar wurin kwana. Ƙungiyoyinmu na ƴan jiha da USN suna da mutane a kowane lungu na ƙasar nan, abin da babu wata ƙungiyar waje da ke da shi.

Gadar da ake tsallakawa da yaran nan tana da tarihi. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka hau ta suna adawa da matakan tsuke bakin aljihu da ke barazana ga karatunsu, aka buɗe masu wuta, uku suka rasu bisa lissafin hukuma. Kowace shekara muna tunawa da su. Abin da suka fito nema shi ne ɗan talaka ya shiga jami'a ya zauna har ya gama, kuma shi ne har yau ba a gama biya ba.

Ku kuma ƙannenmu, in an gayyace ku ziyara, ku je. Ku karɓi rigar, ku ci sanwic ɗin, hakkinku ne. Amma idan babban ya gama jawabi ya ce akwai mai tambaya, ɗayanku ya miƙe ya ce: “Ranka ya daɗe, bara mutum nawa daga lisenmu suka samu gurbi a nan, kuma nawa ne a cikinsu ke da burs da ɗaki?” Ku rubuta amsar, ku kawo mana, za mu buga ta a fitowa ta gaba.